Yadda Mai Keke Zai Kare Kansa a Hanya: Daga Duba Birki Zuwa Ɗaura Hular Kwano

Da zarar an ambaci tsaron mai keke, hular kwano ce ke fara zuwa a zuciyar mutane. Ba laifi ba ne, hular tana da amfani ƙwarai, kuma za mu daɗe a kanta a nan gaba. Sai dai a lura, hula ba ta fara aiki sai an riga an faɗi. Abin da ke hana faɗuwar tun farko shi ne keke mai lafiya da mahayin da ya san abin da yake yi. Shi ya sa na fara wannan jagora da keken kansa, sannan hula, sannan horo, sannan zama a titi tare da motoci.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, wato waɗanda babu ƙarfen da ya raba jikinsu da kwalta.

Mataki na 1: Duba keke kafin ka hau

Abubuwa uku ne ba a tsallakewa: iska, birki, sarƙa. In hannunka ya saba, minti ɗaya ya isa.

Fara da taya. A gefen kowace taya an rubuta adadin iskar da take ɗauka, da ma'aunin PSI ko bar. In famfonka yana da agogon awo, bi wannan rubutun. In babu, danna tayar da babban yatsa da ƙarfinka: in ta lotsa sosai, iska ta yi kaɗan. Tayar da ba ta cika ba tana sa keke tangaɗi a kwana, kuma da ka faɗa rami sai rim ya matse tub ya huda shi wuri biyu a jere. Daga nan ka juya tayar a hankali kana duba ko kwalba ko ƙaya ko ƙusa ta maƙale, ko gefenta ya tsattsage, ko zanenta ya cinye har zare ya fara leƙowa. Tayar da ta kumbura a wuri ɗaya ba a tafiya da ita, a cire ta kawai.

Sai birki, kuma a nan nake so ka fi tsananta wa kanka. Tura keken gaba ka matsa birkin gaba: ya kamata ya tsaya cak har tayar baya ta nemi ɗagawa. Ja shi baya ka matsa na baya, shi ma ya riƙe. In hannun birkin ya zo har ya taɓa kan keke kafin ya kama, waya ta saki ko roba ta ƙare. Sunkuya ka dubi robar birkin da idonka. Akwai tsagi-tsagi a jikinta. In sun shafe ta yi sumul, lokacin canji ya yi. Ka tabbata kuma robar tana sauka a kan rim sosai, ba ta gogar taya, domin in tana gogar taya wata rana za ta yanka ta kana cikin gudu. Wayar birkin da ta yi tsatsa ko zarenta ya fara warwarewa, ita ma canji ce maganinta. Mai birkin faifai kuwa ya kiyaye kada mai ko giris ya taɓa faifan, ko ɗigo ɗaya.

Sarƙa: juya feda baya ka gani ko tana tafiya lafiya ba ƙara ba sarƙewa. A keke marar giya, sarƙar ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar santimita 1 a tsakiyarta. In ta fi haka saki tana iya zamewa daidai lokacin da ka miƙe kana taka feda da ƙarfi, kuma irin wannan faɗuwar ba ta da daɗi.

Kafin ka hau, ƙara abu biyu. Sa tayar gaba tsakanin gwiwoyinka ka gwada murɗa kan keken. In ya juya tayar ba ta bi shi ba, a ɗaure noti. Sannan ɗaga keken kaɗan ka sake shi ya dira, ka kasa kunne. Duk abin da ya kwance zai yi ƙara ya tona kansa.

Mataki na 2: Daidaita keken da jikinka

Hau sirdi, sa diddigenka a kan feda a lokacin da take can ƙasa. In ƙafarka ta miƙe daidai ba tare da ka karkata ƙugu ba, tsayin ya yi. Da ka koma takawa da gaban ƙafa, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe, haka ake so. Akwai layi a jikin ƙarfen da ke riƙe sirdi wanda ke nuna iyakar fito da shi, kada ka wuce wannan layin, ƙarfen yana iya karyewa.

Ga iyaye: kada a saya wa yaro keken da ya fi ƙarfinsa da sunan zai girma ya same shi. Yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa, yatsunsa ba su kai birki, ba shi ke tuƙa keken ba.

Mataki na 3: Hular kwano

Sanin yadda hular ke aiki shi zai sa ka san wadda za ka saya. Abin da ke ceton kai shi ne kumfar nan mai tauri da ke ciki, mai kama da farin soson da ake kare kayan lantarki da shi a kwali. Idan kai ya bugi ƙasa, kumfar tana murƙushewa, ta shanye ƙarfin bugun, ta ƙara wa ƙwaƙwalwa ɗan lokacin da za ta tsaya a hankali maimakon ta tsaya farat ɗaya. Ɓawon waje aikinsa ya riƙe kumfar kada ta tarwatse, ya kuma sa hular ta zame a kan kwalta maimakon ta cije.

Daga wannan bayani abu biyu ke fitowa. Na ɗaya, kumfar sau ɗaya take aiki. In ka faɗi kanka ya bugu, hular ta gama nata, ko da ba ka ga tsaga a waje ba. Na biyu, hular ma'aikatan gini ba ta maye gurbinta, don an yi ta ne saboda abin da zai faɗo daga sama, ba ta da wannan kumfa.

Lokacin saye, leƙa ciki ka nemi tambarin gwaji. Na Turai shi ne EN 1078, na Amurka kuma CPSC, wanda ya zama dole ga duk hular keke da ake sayarwa a can tun 1999. A gwajin Turai ana sako hular daga tsayin kusan mita 1.5, abin da ya yi daidai da bugu a gudun kusan kilomita 20 a awa. Ka riƙe wannan adadi da kyau. An ƙera hular ne don faɗuwa daga keke, ba don karo da motar da ta taho a guje ba. Wanda ya sa hula ya ɗauka ya zama ƙarfe, ya shiga yin kasadar da da ba ya yi, ya cuci kansa.

Duk da haka amfaninta tabbatacce ne. A 2017 masu bincike a Ostireliya sun tattara nazari 40 da suka shafi masu keke fiye da 64,000 da suka ji rauni, suka gano cewa sa hula yana tafiya da raguwar raunin kai da kashi 51 cikin 100, mummunan raunin kai da kashi 69, wanda ke kai ga mutuwa kuma da kashi 65. Jihar Biktoriya ta Ostireliya ta wajabta hular a 1990, Niyu Zilan ta biyo baya a 1994. Wasu kan kawo misalin Holan, inda yawancin mutane ke tuƙi ba hula amma ƙasar tana cikin waɗanda suka fi aminci ga mai keke. Gaskiya ne, sai dai tun shekarun 1970 suke gina wa keke hanyarsa daban da ta mota, suna kuma rage gudun motoci a unguwanni. Wanda ke tuƙi kafaɗa da kafaɗa da manyan motoci ba shi da wannan gatan, don haka a ganina ba shi da hujjar barin hula a gida.

Yanzu ga yadda ake sa ta, domin hular da aka sa ba daidai ba kusan ado ce kawai:

Auna kewayen kanka da tef, ɗan sama da gira, ka sayi wadda lambarta ta dace. Ɗora ta a kwance a kan kai, ba a ture ta ƙeya ba. Tsakanin girarka da bakin hular kada ya wuce faɗin yatsa biyu; goshi na cikin wuraren da suka fi yawan bugun ƙasa. Murɗa abin ɗaurewa na baya har ta kama kai, ka girgiza kanka tun ba ka ɗaura igiya ba, ka ga ba ta yawo. Igiyoyin gefe biyu su haɗu daidai ƙarƙashin kunne. Ɗaure ta haɓa yadda yatsa ɗaya ko biyu kawai za su shiga. Gwajin ƙarshe: buɗe bakinka sosai kamar mai hamma, ya kamata ka ji hular ta danno kanka daga sama. In ba ka ji ba, ƙara matse igiyar.

Kada ka bar ta a cikin mota a rufe a rana, kada ka shafa mata fenti ko fetur, ruwa da sabulu sun isa wanki. Masu ƙera ta galibi suna ba da shawarar canji bayan shekara 3 zuwa 5. Kuma yaro ya cire hularsa in zai hau bishiya ko lilo, saboda igiyar na iya maƙalewa ta shaƙe shi.

Mataki na 4: Horo a fili kafin titi

Mutane da yawa sun ɗauka wanda ya iya tafiya bai faɗi ba ya iya keke. Wannan rabin karatu ne. A Ingila akwai shirin horo mai suna Bikeability da aka fara a 2007, an kasa shi mataki uku: filin da babu mota, ƙananan tituna, sannan manyan hanyoyi masu cunkoso. A Holan ma yaran firamare suna yin jarrabawar hanya. Ko babu mai koya maka, za ka iya bin wannan tsari da kanka. Nemi fili shimfiɗaɗɗe ka yi waɗannan har su zama jiki.

Tashi da tsayawa. Ɗaga feda ɗaya ta zo sama kaɗan da tsakiya, taka ta da ƙarfi, ka tashi a miƙe ba tangaɗi. Mai tangaɗi wajen tashi shi ke faɗawa gaban mota a mararraba.

Waiwaye. Ja layi a ƙasa, bi shi, waiwaya ta kafaɗa ka dawo da kanka ba tare da ka kauce daga layin ba. Da farko za ka ga keken yana bin inda kanka ya juya. Sa wani ya tsaya a bayanka yana ɗaga yatsu, kai kuma ka faɗi nawa ne, don a tabbatar gani kake yi, ba juya wuya kawai ba. A duk dabarun keke babu wadda na fi ba muhimmanci kamar wannan.

Tuƙi da hannu ɗaya, dama da hagu, don ka iya ba da alama. Miƙa hannu sosai zuwa ɓangaren da za ka juya, sannan ka mayar da shi kan keke kafin ka shiga kwanar.

Birkin gaggawa. Da farko gano wane hannu ne na gaba, domin ya bambanta: a Birtaniya na dama ne, a Amurka da yawancin Turai na hagu ne. Duk keken da ka ara, duba wannan kafin ka motsa. Mutane da yawa suna tsoron birkin gaba don kada ya wuntsila su, alhali shi ne ke da mafi yawan ƙarfin tsayarwa, saboda nauyi gaba yake komawa in ana tsayawa. Dabarar ita ce ka matsa duka biyun tare, a hankali sannan da ƙarfi, ba fizga ba, ka miƙe hannuwanka, ka tura mazaunanka baya da sirdi. In ka ji tayar baya ta fara ɗagawa ko tana ja a ƙasa, sassauta na gaba kaɗan. Fara da ƙaramin gudu, ka sa alama a ƙasa, ka riƙa ganin tazarar da kake buƙata kafin ka tsaya. A kan yashi ko tsakuwa ko laka kuwa, sassauta wa birkin gaba, don in tayar gaba ta zame babu ceto.

Kauce wa abu. Ajiye soso ko tsumma a ƙasa, tunkare shi, ka kauce a ƙarshe. Ka dubi inda kake so ka bi, kada ka zuba wa abin ido. Keke inda ido ya kalla yake zuwa.

Mataki na 5: A kan titi

Bi hannun da motoci ke bi. Wasu na ganin in sun fuskanci motoci sun fi tsira tunda suna ganinsu, amma direban da zai fito daga lungu yana duban ɓangaren da yake tsammanin mota ne, ba zai waiwayi inda kake ba. Ga shi kuma in aka yi karo, gudunka da nasa ne za su haɗu.

Kada ka manne da bakin titi. Can ne yashi da kwalabe da ramuka da bakin magudanar ruwa suke, kuma in ka manne, direba zai ga kamar akwai wurin wucewa ko da babu. Bar kamar mita 1 tsakaninka da gefen. Inda hanya ta matse har mota ba za ta wuce ka lafiya ba, waiwaya, ba da alama, ka shiga tsakiyar layin har ku wuce wurin, sannan ka koma gefe ka ba su hanya. Dokar hanya ta Birtaniya da aka sabunta a 2022 ta umarci direba ya bar wa mai keke aƙalla mita 1.5 in zai wuce shi, amma kai kada ka dogara cewa kowa zai yi haka.

Motocin da aka ajiye a gefe suna da nasu haɗarin: ƙofa. Mutum zai buɗe ba tare da ya duba ba, kai kuma ka afka mata ko ka kauce cikin motar da ke bayanka. Wuce su da tazarar da ko an buɗe ƙofar gaba ɗaya ba za ta same ka ba.

Babbar mota ita ce abin da ya fi cancantar tsoro. Direbanta yana zaune a sama, kuma akwai wurare a gefenta da gabanta da bayanta da ba ya gani ko da madubi. In ba ka ganin fuskarsa a madubinsa, shi ma ba ya ganinka. Mafi muni shi ne ka kutsa tsakaninta da bakin titi a kusa da mararraba. Doguwar mota takan buɗe waje kafin ta sha kwana, sai ka ga fili ya samu, ka shiga, sannan tayoyin baya su yanko ta kanka. Babu hular da ke maganin wannan. Tsaya a bayanta, bari ta gama juyawa. Kama jikin mota don ta ja ka kuwa, kada ma ka fara.

A mararraba da shataletale rage gudu, yatsunka a kan birki, ka nemi haɗa ido da direba. In bai kalle ka ba, ɗauka bai gan ka ba. Dubi tayar gaban motar da ke tsaye, ita ke fara nuna za ta motsa. Tsaya a jar danja kamar kowa. Kuma bar kunnenka a buɗe, kada ka toshe shi da abin jin waƙa, domin kunne ne ke gaya maka abin da ke tahowa a baya tun kafin ka waiwaya. Waya ta zauna a aljihu.

Kaya a ɗaure su a kariya ko kwando, kada a rataya leda a kan keke tana lilo kusa da tayar gaba. Wando mai faɗi a naɗe ƙafarsa, doguwar riga ko gyale a tattare, igiyar takalmi a cusa ta ciki. In za a goya yaro, a sama masa kujerar da ke da wurin sa ƙafa da abin da zai tare ta daga wayoyin taya, don raunin ƙafar yaro a cikin taya mummuna ne. Jaririn da bai kai shekara 1 ba ba a ɗaukarsa a keke, wuyansa bai yi ƙwari ba.

Mataki na 6: Dare da ruwan sama

Farar fitila a gaba, ja a baya, kuma a kunna tun magariba ba ta rufa ba. Kai kana ganin fitilar mota daga nesa, sai ka zaci shi ma yana ganinka, alhali a wurinsa duhu ne kawai. Riga mai launin ɗorawa mai haske tana taimako da rana, amma da dare abin da ke aiki shi ne ƙyallen da ke mayar da hasken fitila. Bincike a Ostireliya ya nuna cewa in an ɗaura irin wannan ƙyalle a idon sawu da gwiwa, direbobi sun fi saurin gane mai keke, saboda motsin ƙafa sama da ƙasa yana nuna musu mutum ne.

In ana ruwa, birkin roba ba ya kamawa nan take sai ya share ruwan da ke kan rim, don haka fara matsawa da wuri. Fentin layin titi da murfin ƙarfe da ganyen da ya jiƙe suna da santsi, kada ka yi birki ko kwana a kansu. Ruwan da ya kwanta kuma ba ka san zurfin ramin da ke ƙarƙashinsa ba, zagaye shi.

Mataki na 7: Kulawa ta lokaci-lokaci

Duk mako ƙara iska, don tub yana sace iska ko babu huji. Goge sarƙa da tsumma, ɗiga mai a kowace gaɓa, juya feda, sannan ka goge na waje. Man da ake buƙata na ciki ne, wanda ya rage a waje ƙura kawai yake tarawa ta zama abin da ke cin ƙarfe.

Duk wata bi notuna ɗaya bayan ɗaya. Matsa wayoyin taya bibbiyu ka ji ko akwai wadda ta saki. Juya tayar kana kallon tsakaninta da robar birki, in tana lilo a kai wa mai gyara ya miƙe ta. Kama taya ka girgiza gefe da gefe, in tana ƙwas-ƙwas, boris, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu, ya saki. Auna sarƙa da rula: gaɓoɓi 12 cikakku na sabuwar sarƙa (kowace cikakkiya ta haɗa ƙaramar gaɓa ta ciki da ta waje) inci 12 ne daidai, in sun ƙaru da kusan milimita 1.5 a canza ta tun ba ta cinye haƙoran giya ba. In za ka kwance feda, tuna cewa ta hagu zarenta a juye yake, ɓangaren da ake ɗaure sauran notuna shi ke kwance ta. Sau ɗaya a shekara a kai keken wurin gwani ya buɗe, ya wanke, ya sa giris, ya duba firam ko ya tsage, musamman wuraren walda.

In an faɗi

Fara fita daga kan titi in za ka iya tashi. In kai ya bugu, sannan aka ga amai, ko rikicewa, ko ciwon kan da ke ƙaruwa, ko barcin da ba a saba ba, ko mantuwar abin da ya faru, a tafi asibiti nan take, ko da alamun sun bayyana bayan sa'o'i. In wani ne ya faɗi yana kukan wuya ko baya, ko ya suma, kada a ɗaga shi ko a murɗa kansa sai in wurin da yake akwai haɗarin da ya fi. A tare motoci, a kira masu agaji.

Keken ma kada a hau shi sai an duba. Tsaya a gabansa ka ga ko kan ya karkace, ko ƙafafun da ke riƙe tayar gaba sun lanƙwashe baya. Shafa firam kusa da wuyan keke, in fenti ya tattare ko ya fashe a wurin, ƙarfen ya lanƙwasa a ciki. Gwada birki biyun, juya tayoyin, in wani abu bai yi maka ba tura shi da hannu zuwa wurin mai gyara.